LatencyMon: tana nuna abin da ke katse sauti, gyaran kuwa naka ne

Duk mai ɗaukar murya a gida da kwamfuta mai Windows ya san wannan matsalar: kiɗa na tafiya lafiya lau, sai a ji tas-tas a hedifon, ko sauti ya ɗauke kamar ƙiftawar ido ya dawo. Abin haushin shi ne a lokacin mitar furosesa a manhajar kiɗa irin FL Studio ko Cubase ko Reaper ko rabi ba ta kai ba. Don irin wannan aka yi manhajar LatencyMon. Kamfanin Resplendence Software ne ya fitar da ita, kyauta ce ga mai amfani da ita a gida, akwai kuma ta kuɗi ga masu aikin kasuwanci. A Windows kaɗai take aiki.

Sai an san abin da take aunawa kafin lambobinta su yi amfani. Katin sauti ba ya karɓar sauti a zube, kashi-kashi yake karɓa, kowane kashi shi ne bafa. Idan aikinka yana kan sampul (ƙananan gutsattsarin sauti) 48,000 a sakan ɗaya, bafa kuma sampul 128, to kowane kashi yana ƙarewa cikin milisakan 2.67 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya). Dole manhajar kiɗa ta gama lissafin kashi na gaba kafin wannan ya ƙare. To amma a Windows, ayyukan direbobi (ƙananan manhajojin da ke sarrafa na'urori), waɗanda ake kira ISR da DPC, suna gaban kowace manhaja a layi, kamar motar asibiti mai jiniya ce da in ta taho kowa sai ya kauce. Idan direban Wi-Fi ya riƙe furosesa na milisakan 3, bafa ta wofinta, kunne kuma ya ji ƙas. Shi ya sa kwamfuta mai ƙarfi take iya katsewa, wata tsohuwa kusa da ita tana aiki sumul. Microsoft da kansa ya shawarci masu rubuta direbobi kada DPC ya wuce maikrosakan 100, ISR kuma kada ya wuce 25 (maikrosakan 1,000 ne milisakan ɗaya), amma ba kowa ke bin shawarar ba.

Amfani da ita ba wuya. A jona caja idan laftof ce, a jona katin sauti, a buɗe aikin da ke ba da matsala a bar shi yana kunne, sannan a danna koren maɓallin farawa. A ba ta minti 15 zuwa 20. Gwajin minti ɗaya yaudara ce, domin wasu direbobin sai jefi-jefi suke yin tsalle. A shafin farko za ta rubuta hukuncinta da kore ko da ja, ƙasa da shi kuma ga lambobin jinkiri mafi tsawo da ta gani.

Inda aikin yake shi ne shafin Drivers. A jera direbobin bisa lokaci mafi tsawo da kowanne ya ɗauka, a duba uku na sama. A kula a nan: shafin farko da maikrosakan yake magana, wannan kuwa da milisakan, wato 0.8 a nan shi ne 800 a can. Mutane da yawa suna rikicewa a wannan wurin, kuma manhajar ba ta yi wani ƙoƙarin jawo hankali a kai ba.

Sunayen da suka fi fitowa sanannu ne. Idan ndis.sys ne ko tcpip.sys, harkar intanet ce: a kashe Wi-Fi daga Device Manager a sake gwaji, in lambar ta faɗi an kama mai laifi, sai a sabunta direbansa ko a riƙa kashe shi lokacin ɗaukar murya. Idan nvlddmkm.sys ne, katin hoto na NVIDIA ke nan, shi kuma dxgkrnl.sys ɓangaren hoto ne na Windows kansa. Sau da yawa ana samun sauƙi in aka sa katin a yanayin aiki da cikakken ƙarfi a saitin NVIDIA, ko aka cire direban gaba ɗaya aka ɗora wani sabo tsaf. ACPI.sys na laftof ne galibi, yana da alaƙa da batir da sarrafa wuta. Wasu suna kashe na'urar batir ta Microsoft ACPI a Device Manager, dabarar tana aiki a wasu kwamfutocin, amma alamar batir za ta ɓace, don haka a mayar da ita bayan an gama. Shi kuwa storport.sys faifan ajiya yake nunawa.

Ga babban raunin LatencyMon. Sau da yawa sunan da take bayarwa ɗan aike ne kawai. Wdf01000.sys misali ne: tsari ne da direbobi barkatai suke bi ta cikinsa, daga na USB har na allon taɓawa na laftof, don haka ganinsa a sama bai gaya maka na'urar da za ka cire ba. Haka ntoskrnl.exe, wato ginshiƙin Windows kansa. A nan babu gajeriyar hanya, sai a riƙa cire na'urori ɗaya bayan ɗaya, linzami, kyamara, Bluetooth, faifan waje, ana sake gwaji bayan kowanne. Kada a taɓa abu biyu lokaci guda, in ba haka ba ko an gyaru ba za a san me ya gyara ba.

Jan rubutun nata ma ba wahayi ba ne. Ba ta san girman bafar da kake aiki da ita ba. Tsallen maikrosakan 1,500 hatsari ne ga mai bafa 64, wadda milisakan 1.33 ce kawai a 48,000, amma mai miksin a 1024 yana da sama da milisakan 21 a hannu, ba zai ji komai ba. Lambar da ta bayar a riƙa auna ta da lokacin bafa. Haka batun da take yawan tayar wa mutane hankali da shi, wato ƙirgen lokutan da wata manhaja ta nemi bayani a RAM ba ta samu ba sai ta je faifai. In riga-kafin Windows ne, MsMpEng.exe, ke da mafi yawan lambar, ba lallai ya shafi sautinka ba. In manhajar kiɗan ce da kanta, to RAM ta yi kaɗan ko kayan kiɗan da aka loda sun yi nauyi.

Kafin a fara farautar direba ma, akwai saitin da ya kamata a gama da su. Tsarin wuta ya koma High performance, mafi ƙarancin gudun furosesa ya zama kashi 100, a kashe USB selective suspend, a kuma cire alamar da ke ba Windows damar kashe kowane USB Root Hub don tanadin wuta. Katin sauti a jona shi kai tsaye jikin kwamfuta, ba ta rariyar USB da ake rabawa da faifai ba. A tabbata Windows da manhajar kiɗa suna kan lambar sampul ɗaya, ba ɗaya 44,100 ɗaya 48,000 ba. Waɗannan kaɗai suna kawar da katsewa mai yawa.

Sai abin da sunanta ke ruɗar mutane a kai. LatencyMon ba ta auna jinkirin da mawaƙi ke ji tsakanin buɗe bakinsa da dawowar muryarsa a hedifon. Wannan jinkirin jimla ce ta bafar shiga, bafar fita, lokacin juya sauti zuwa lambobi da mayar da shi, da ƙarin da direban USB ke ajiyewa don kariya. Saboda haka bafa 128 ba ta nufin milisakan 2.67 a kunne, abin da ake ji ya fi ninki biyu na hakan. Mai son ainihin lambar sai ya haɗa mafitar katin da mashigarsa da waya, ya auna da RTL Utility ta Oblique Audio. Don a gane girman abin: sauti yana tafiyar kusan santimita 34 a milisakan ɗaya, milisakan 10 ke nan kamar tsayuwa ce mita uku da rabi daga sifika. Mai jita yakan jure haka, mawaƙi kuwa ya fi saurin damuwa, domin yana jin muryarsa ta cikin ƙashin kansa nan take, sannan ta hedifon ta biyo baya.

Maganin wannan ba ya cikin LatencyMon. A yi amfani da direban ASIO, wato direban sauti mai ƙarancin jinkiri, na kamfanin da ya ƙera katin. ASIO4ALL na wanda ba shi da katin waje ne, lulluɓi ne kawai a kan direban Windows, ɗora shi a kan katin da ke da nasa ASIO ci baya ne. A ɗauki murya a bafa 64 ko 128, a koma 512 ko 1024 lokacin miksin. A kashe filogin (ƙananan manhajojin gyaran sauti) masu jinkiri yayin ɗauka, musamman limita mai hangen gaba da ikwalaiza mai linear phase a babban layin fita, domin manhaja tana jinkirta duk sauran layukan don su daidaita da su. Layukan da suka cika nauyi a daskarar da su su zama sauti zalla. In katin yana da maɓallin saurare kai tsaye, a kunna shi a kashe sauraren cikin manhaja, in ba haka ba murya za ta fito biyu.

Mai shirin sayen laftof domin waƙa zai fi kowa cin ribarta: ya ɗora ta ya bar ta minti 20 da caja a jone tun kwamfutar tana cikin wa'adin mayarwa. Idan ACPI.sys ya ƙi sauka bayan an gyara saitin wuta an kuma sabunta BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta), gara a mayar da laftof ɗin, don ƙarin RAM ko sabon katin sauti ba za su taɓa wannan matsalar ba.