Toyota da jakar iska ta Takata: gyaran kyauta da bai iso Maraɗi ba

Corolla ta 2003 da 2004, da Matrix, da RAV4 sun cika titunan Maraɗi, kuma ba a banza ba. Inji mai haƙuri, kayan gyara a ko'ina, duk bakanike ya san cikinta. Ta wannan fanni Toyota ta ci yabo. Inda take da sauran aiki shi ne bin mota da kulawa bayan ta bar hannun mai ita na farko, kuma jakar iska, wadda masu garaji ke kira erbag, ita ta tona hakan.

Kamfanin Takata na Japan ne ya ƙera jakunkunan. Cikin kowace akwai ƙaramar tukunyar ƙarfe mai ɗauke da sinadarin amoniyam naitiret, wanda ke kamawa ya hura jakar cikin ƙiftawar ido idan an yi karo. Shekaru na zafi da laima suna lalata sinadarin, sai ya ƙone da ƙarfin da ya wuce kima, tukunyar ta tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su nufo fuska da wuya. Honda ta fara kiran motocinta a dawo da su a 2008. Daga baya abin ya kai jakunkuna wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, Takata kuma ta karye a 2017. A watan Janairun 2024 Toyota ta ce wa masu motoci kusan 50,000 a Amurka su daina tuƙa su sai an gyara: Corolla da Matrix na 2003 zuwa 2004, jakar gefen fasinja, da RAV4 ta 2004 zuwa 2005, jakar sitiyari.

Wani zai ce ai ƙasarmu busasshiya ce. Gaskiya ne, amma motar ba nan aka haife ta ba. Ta iya yin shekara goma sha biyar a Fulorida ko Tekzas, ta kwana watanni a bakin teku a Kwatano ko Lome, sannan ta zo ta sha ranar Afrilu da Mayu a nan, ga damina.

Abin da Toyota ta yi da kyau shi ne shafin dubawa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da kan kartigiris. A gwada ukun, su zama iri ɗaya. Babu harafin I ko O ko Q a ciki, don haka abin da ya yi kama da O sifili ne. Farkon lambar yana faɗin inda aka ƙera ta: J Japan, 2T Kanada, SB1 Ingila, VNK Faransa, NMT Turkiyya. Idan motar kasuwar Amurka ce, sai a shigar da lambar a toyota.com/recall, cikin minti ɗaya a waya a ga ko akwai gyaran da ba a yi ba. Shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ma yana yi, sai dai yakan tsallake wasu motocin da suka haura shekara 15, gara na kamfanin. Motar Turai kuwa a shafin Toyota na ƙasar da ta fito ake duba ta. Shafin Amurka ba zai san ta ba, kuma shirunsa ba shaidar lafiya ba ce.

Daga nan hanya ta ƙare. A Amurka gyaran kyauta ne, aikin kamar awa ɗaya, har janye motar suke yi ko su zo gida. Wasiƙar gargaɗin kuwa tana zuwa adireshin mai motar na can, ba ta bin jirgin ruwa. Wakilin Toyota a Nijar, CFAO, yana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Kada a ɗauki hanya haka kawai: a kira su, a ba da lambar shasi, a tambaya ko suna karɓar motar da ba su suka shigo da ita ba, ko kayan yana nan, kuma wa zai biya.

Mai saye a hannun dillali ya fara da murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Fitilar erbag a tablo za ta kama kamar daƙiƙa shida ta mutu. In ta tsaya a kunne, akwai matsala, sau da yawa igiyar da ke naɗe bayan sitiyari ce ta tsinke, kuma alamarta ham ya daina kuka. In ba ta kama ba sam, to an cire ƙwan ko an liƙe shi, kuma wannan ya fi muni. Motocin haɗari da ake gyarawa a sayar, wasu ana sa musu ɗan rezisto don a ruɗi kwamfuta, murfin kuwa fanko. A duba launin murfin da na sauran tablo, a ja bel a ga ko yana komawa da kansa.

Sayen jakar gwanjo ba magani ba ne. Wadda aka ciro daga Corolla mai shekaru ɗaya da taka, mai yiwuwa Takatar ce dai, an sauya mata gida.

Ga masu gyaran wuta: a cire kan batir na nagatif, a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a taɓa soket mai ruwan ɗorawa. Kada a auna jakar da mita, wutar mitar tana iya tayar da ita. In an ciro ta, a ajiye ta fuska sama.

Kafin a samu gyara, mai Corolla ko Matrix da lambarta ta fito ya bar kujerar gaba babu kowa, yara su koma baya. Ɗan taksi mai cusa mutum biyu a gaba shi ya fi kowa buƙatar jin wannan. Mai RAV4 ba shi da wannan dabarar, don tasa jakar tana daidai ƙirjin direba.