Babi na 19 ne ya ɓata mini littafin nan

Ƙawata ce ta manna mini littafin nan, ta ce in na fara ba zan yi barci ba. Ban ɗauki maganarta da muhimmanci ba, don ita kowane littafin soyayya ta karanta sai ta ce ba a taɓa rubuta irinsa ba. To wannan karon da gaskiyarta. Daren farko sai da na cinye shafi 120 kafin na kashe fitila, na wayi gari ido luhu-luhu.

Abin da ya kama ni, gogan littafin ba irin wanda muka saba gani ba ne. Babu attajirin nan mai ɗaure fuska da zai wulaƙanta yarinya har rabin littafi, sannan a ce wai so ne ke ɗawainiya da shi. Wannan malamin makaranta ne da ke jinyar mahaifinsa a asibiti, ita kuma nas ce mai aikin dare. A baranda suke haɗuwa ƙarfe biyu, ƙarfe uku na dare, hirar ba ta wuce "ya mai jiki?" Sai wajen shafi na 150 ya fara kiran sunanta maimakon "sista". Wallahi da na zo wurin ajiye littafin na yi ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. A lokacin da za a tambaye ni, taurari biyar zan ba shi ba tare da na yi tunani ba.

Sai ga babi na 19.

Mutuniyar ta zo wucewa ta ji shi yana waya, abin da kawai ya shiga kunnenta shi ne ba zai iya gaya mata yanzu ba, sai komai ya lafa. Shi ke nan. Ba ta tsaya ta ji sauran ba, ba ta tambaye shi ba. Ta yanke hukuncin yana da wata, ta toshe lambarsa, ta nemi a sauya mata ɓangaren aiki, ta shiga ɗaki ta kama kuka. Mu kuwa masu karatu tun babi na 17 marubuciyar ta gaya mana gidansu zai sayar don biyan kuɗin aikin da za a yi wa tsohon, kunyar faɗa mata yake ji. Wato mun san gaskiya, an zaunar da mu muna kallon mace mai hankali tana shirme har shafi 80.

Ba rabuwar ce ta ƙona mini rai ba. Na girma ina karanta ƙananan littattafan nan na Mills & Boon, kamfanin Ingila da aka kafa tun 1908, na san yadda tafiyar take: sai an raba masoya ana gab da ƙarshe, sannan a haɗa su. Kowa ya ɗauki littafin soyayya ya san za su daidaita, hanyar da za a bi ce muke saye da kuɗinmu. Amma waɗancan ba su cika wuce shafi 200 ba, fushin babi biyu ne an wuce wurin. Wannan shafi 410 ne, kuma matar da aka ɗauki rabin littafi ana nuna mana tana tsayawa gaban babban likita ta ce masa ya yi kuskure a adadin magani, ita ce yau ta kasa buɗe baki ta ce "da wa kake waya?" Wannan ai rainin hankali ne. Ba halinta ba ne, marubuciyar ce ke neman abin cika shafi, ta rasa wanda za ta ɗora wa sai baiwar Allah.

Cikin dare na kira ƙawar tawa na ce, "Ke yanzu fisabilillahi wannan ne littafin da kika hana ni sakat a kansa?" Dariya ta yi ta ce, "Ƙawata, daure ki kai babi na 26." Kwana uku na yi ban taɓa shi ba.

Da na koma, to, babi na 26 ya wanke wa marubuciyar wani laifin. Tsohon ne, a gadon asibiti, ya sa aka kira nas ɗin. Bai yi mata zancen ɗansa ba ko kaɗan, labarin marigayiya matarsa ya ba ta, yadda suka taɓa yin wata guda ba sa magana a kan abin da yanzu ya manta ko mene ne, amma watan nan bai manta shi ba. Na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Mai iya rubuta wannan babin ta iya rubutu.

Shi ya sa ma haushin ya dawo mini sabo. Tunda ta iya haka, me ya kai ta ga rabin waya? Kuma da nake komawa baya ina dubawa, sai na ga wasu abubuwan da daɗin farko ya rufe mini ido a kansu. Ƙanwar gogan da aka yi ta ambata a farko ta ɓace kamar an ɗauke ta, ubanta na kwance rai a hannun Allah ko leƙe ba ta yi ba. Tsohon kuma shekararsa 72 a babi na 3, a babi na 21 ya koma 68.

Saura mini shafi 40. Zan ƙarasa, don ina son jin me nas ɗin za ta ce wa malamin ranar da ta gano batun gidan. In ta ba shi haƙuri da bakinta, taurari huɗu. In kuwa aka sa shi ya durƙusa yana roƙonta a kan laifin da bai yi ba, biyu zan bayar, littafi na biyun da aka tallata a bangon baya kuma ƙawata ta karanta abinta.