Tsohuwar kwamfutar kamfani ta fara tari: wace hanya za a bi?

A bayan ofishin akanta na wani kamfani da ke Kakuri a Kaduna akwai ɗan ɗaki mai sanyi, cikinsa kwamfuta ce mai tsayin firij, ƙirar VAX. Ita ke lissafin albashi da kayan sito tun lokacin da masaƙun unguwar ke aiki dare da rana. Yanzu fankarta na kuka, ƙurar hunturu ta toshe mata kafofin iska, kuma ranar da faifanta ya mutu, ko an zagaye shagunan titin Ahmadu Bello ba za a samu irinsa ba. Kamfanin DEC, wanda ya fito da VAX a 1977, Compaq ya saye shi a 1998, shi ma Compaq ɗin HP ya haɗiye shi a 2002.

Kafin ka tambayi farashin komai, Alhaji, sa a binciko maka abu biyu: asalin rubutun manhajar da masu shirya ta suka yi, da kaset ɗin ajiya na ƙarshe. A gwada kaset ɗin a gabanka. Amsar da ka samu ita za ta zaɓa maka hanya.

Idan taka AS/400 ce, wadda IBM ya fitar a 1988, ka yi sa'a. Jikokinta na nan a kasuwa da sunan IBM Power, kuma yawancin tsofaffin manhajojin da aka rubuta da yarukan kwamfuta na RPG da COBOL suna hawa kansu ba tare da an sake rubutu ba. Akwai tsada, amma akwai kwanciyar hankali. Masu VAX kuwa, tun 2022 OpenVMS, tsarin da ke tafiyar da VAX, ke aiki a kan kwamfutocin x86 na yau da kullum, sai dai dole a sake harhaɗa manhajar daga asalin rubutunta. In rubutun ya tafi tare da injiniyan da ya yi ritaya, wannan ƙofa ta rufe.

Hanyar da na fi ba mutane shawara ita ce manhajar kwaikwayo, wadda ke sa sabuwar kwamfuta ta yi shigar tsohuwar, har tsohon tsarin ya zauna a ciki bai san an yi masa ƙaura ba. Charon na kamfanin Stromasys na kuɗi ne, kuma akwai wanda za ka kira in ta ƙi. SIMH kyauta ce, amma ni ba zan ɗora albashin ma'aikata a kanta ba tare da gwani a kusa ba. Ko wacce ka ɗauka, lasisin tsohon tsarin yana nan a wuyanka, ka tambaya tun kafin a yi ciniki. Ribar a fili take: magatakarda na ganin allon da ya saba, wuta kaɗan injin ke ci, inbata ma ta riƙe shi kafin a tada janareto.

Ajiya a gajimare, wato a kwamfutocin wani kamfani ta intanet, tana da daɗin ji, amma sau da yawa da dala ake biya duk wata, kuma ranar da masu aikin titi suka tsinke wayar intanet, sito ya tsaya cak.

Sai sake rubuta komai, ko sayen shiryayyar manhaja irin Sage ko Odoo. Nan ne dillalai suka fi zaƙin baki, nan ne kuma aka fi kuka. Cikin tsohuwar manhaja akwai dokokin da ba kowa ya rubuta a takarda ba: yadda ake cire bashin ma'aikaci, rangwamen tsohon kwastoma, lissafin aikin dare. Sai an yi albashin farko ake gano su, lokacin da masinja ya shigo da takardarsa yana cewa, "Yallaɓai, kuɗina bai cika ba."

Saboda haka a rubuta cikin yarjejeniya cewa tsohuwa da sabuwa za su yi aiki tare na wata biyu ko uku, ana gwada lissafinsu kwabo da kwabo, kuma ba za a biya cikon kuɗi ba sai sun dace. Kada a manta da tsohuwar firinta mai buga takardar albashi. A tabbatar sabon injin yana da inda za a jona ta.