Tudun Ikariya ko gidan hutu na Suwizalan?

A tsibirin Ikariya na ƙasar Girka, wanda ya yi suna wajen tsawon ran mutanensa, za ka ga tsoho tukuf ya hau tudu da ƙafa don duba gonarsa, ya dawo ya ci wake da ganyen daji da man zaitun, ya ɗan runtsa da azahar, da yamma ya fita hira. Ba likita ne ya tsara masa ba, haka ya tashi ya tarar. Amma fa ƙauye ba aljanna ba ne: babban asibiti da nisa, kuɗi sai a hankali. Wasu masu bincike ma suna shakkar shekarun da ake ba tsofaffin irin waɗannan wurare, don takardun haihuwa na da ba abin dogaro ba ne.

Clinique La Prairie kuwa, cibiyar hutu da kula da lafiya da aka kafa a 1931 kusa da garin Montreux na Suwizalan, masu hannu da shuni take karɓa: gwajin jini, abinci a kan awo, tausa, zaman shiru a bakin tafki. Bayan mako guda mutum ya fito garau, ranar Litinin ya koma ofis, waya a kunne.

Ni dai na fi gaskata tudun, tunda shi kullum sai an hau shi.