Manhajar Gospel Library: amfaninta ga mai binciken matsayin ɗariƙar Mormon a Kiristanci

Gospel Library manhaja ce ta cocin da aka fi sani da Mormon, mai hedkwata a birnin Salt Lake na jihar Utah a Amurka. Kyauta ce a Android da iPhone, kuma ba ta da talla. Tun 2018 cocin ya nemi a daina ce masa Mormon, a riƙa kiransa da cikakken sunansa, Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, don haka da wuya ka ga tsohon laƙabin a sabbin rubuce-rubucen da ke ciki.

Littattafai huɗu ne ginshiƙinta: Littafi Mai Tsarki, fassarar Sarki James ta Ingilishi, Littafin Mormon, wanda Joseph Smith, mutumin da ya kafa cocin, ya wallafa a 1830, Doctrine and Covenants mai sassa 138, da Pearl of Great Price. Rubutun ba ya cin data sosai, kuma in an sauke shi ana karantawa ba tare da intanet ba. Sauti da bidiyo ne ke zuƙe data. Wanda zai riƙa ja wa ayoyi layi yana rubuta bayanai, ya fara buɗe asusu, domin bayanan da ba a haɗa da asusu ba suna iya salwanta in an canza waya.

Ga mai tambayar ko Mormon Kiristoci ne, inda manhajar ta fi amfani shi ne tana ba ka maganar daga bakin masu ita. Fara da 2 Nephi 25:26 da 3 Nephi sura 11 a cikin Littafin Mormon, ka ga dalilin da ya sa mabiyan ke jin zafi in an ce musu ba Kiristoci ba ne: Yesu ne cibiyar ibadarsu, sun yarda da gicciye shi da tashinsa. Daga nan ka wuce Doctrine and Covenants 130:22, inda aka ce Uba yana da jiki na nama da ƙashi kamar na mutum. Nan hanya ta rabu. Katolika da Otodoks da Furotesta sun tsaya kan aƙidar taron Nisiya na shekara ta 325, cewa Uba da Ɗa ainihinsu ɗaya ne. Su kuwa Mormon suna ɗaukar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a matsayin uku mabambanta masu manufa ɗaya. Ƙara da tarihin Smith 1:19 da ke cikin Pearl of Great Price, inda ya ce an gaya masa duk cocin zamaninsa sun kauce, da sashe na 128 na Doctrine and Covenants kan yi wa matattu baftisma.

Tarkon yana cikin Littafi Mai Tsarkin. Nassin na Sarki James ne ba canji, amma taƙaitawar da ke kan kowace sura da bayanan ƙasa na cocin ne, daga bugunsa na 1979. Duk bayanin da aka yi wa alamar JST gyaran Joseph Smith ne, ba daga tsofaffin rubutun Girkanci ko Ibrananci ya fito ba. Duba Yohanna 4:24: nassi ya ce Allah Ruhu ne, bayanin ƙasa kuma ya mai da shi cewa Allah ya yi alkawarin ba da Ruhunsa. Mai gaggawa zai ɗauka saɓanin fassara ne kawai, alhali aƙida ce ta canza. Alamomin GR da HEB ne ke nuna ma'anar asalin harshe.

Akwai kuma maƙalolin Gospel Topics Essays, ciki har da wadda ta ɗauki tambayar ko Mormon Kiristoci ne kai tsaye. Ta kawo ƙorafi uku da ake yi musu: ƙin aƙidojin tarukan farko, rashin silsila daga tsofaffin coci, da ƙarin nassi. Ta amsa su cikin natsuwa, har a yaba mata. Sai dai wurin maƙalolin yana sauyawa in an sabunta manhajar, gara a nemo su ta akwatin bincike. Can ma za a ga bayanin auren mata da yawa da aka dakatar a 1890, da hana baƙar fata matsayin firist har zuwa 1978, shekarar da ta buɗe wa cocin ƙofa a Najeriya da Ghana.

Babban giɓinta shi ne mai gida ne ke ba da shaida a kan gidansa. Hukuncin fadar Vatican na 2001, cewa baftismar Mormon ba ta inganta ba, da matsayar da cocin United Methodist ya ɗauka a 2000, sai an neme su a shafukan waɗannan coci a ajiye su gefe guda da manhajar kafin a yanke hukunci.