Gidan dashe na bakin Kubanni: baƙin itatuwa sun cinye fili

Masu wannan gidan renon itatuwa na bakin rafin Kubanni, ta wajen Samaru, sun iya aikinsu. Haɗin ƙasar leda daidai yake: kashi biyu ƙasar gona, ɗaya yashi, ɗaya ruɓaɓɓen taki. Ban ruwa safe da yamma, dashen kore shar. Inda gizo ke saƙar shi ne irin itatuwan da suke reno.

Yawancin layukan baƙi ne: turare daga Ostireliya, melaina daga Asiya, sai dogonyaro, ɗan Indiya, wanda aka fara dasawa a Borno a 1928. Dogonyaro ya yi mana rana a bakin tituna da makarantu, babu musu. Amma jemagu da tsuntsaye suna yaɗa ƙwallonsa, sai ka gan shi ya tsiro dab da gindin ɗorawa ko tsamiya yana ƙwace musu ruwa da haske. Turare kuwa, in aka jera shi a fadama ko kan iyakar gona, yana zuƙe damshi, ganyensa ba ya saurin ruɓewa, dawar da ke kusa da shi sai ta tsumbure. Ba a gaya wa mai saye wannan. "Yana saurin girma" kawai ake cewa, kuma a ganina wannan tauye haƙƙin manomi ne.

Na gida akwai maɗaci da tsamiya da kuka. Ɗorawa da gawo sai an yi oda tun da rani, abin takaici, domin gawo ne ya fi dacewa da gona: da damina yake zubar da ganye, hatsi ya samu rana da taki. Kaɗanya babu, amma uzurinsu karɓaɓɓe ne, tunda ƙwararta tana mutuwa cikin 'yan makonni bayan faɗowa, kuma takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya.

Babban aibin shi ne dashen da ya daɗe a leda. Saiwar tsamiya da ta gawo miƙewa ƙasa suke yi; in leda ta tare su sai su naɗe, bishiyar ta tashi ba ƙarfi, rani ɗaya ya gama da ita. A juya ledar a duba gindinta kafin a biya. In saiwa ta murɗe ko ta huda ta fito, a zaɓi ƙarami.

A dasa a Yuli, lokacin da ruwa ya zauna a Zariya. Rami santimita 50 faɗi da zurfi, a tsaga ledar da reza ba tare da ƙasar ta wargaje ba, sannan a kewaye da ƙaya saboda awaki.