Kilindamaisin zalla ko haɗinsa da tiretinoyin: wanne ya fi wa kurajen fuska?

'Yar uwa, ga yadda na fahimci tambayarki. Likita ya rubuta miki jel mai haɗe da kilindamaisin da tiretinoyin, kin shafa kwana goma, fuska ta bushe tana saɓa, kurajen ma kamar ƙaruwa suka yi. Mai kemis kuma ya ce ki ajiye shi ki ɗauki kilindamaisin zalla, ya fi araha kuma ba ya raɗaɗi. Shi ne kike tambaya wanne za ki riƙe.

Ki riƙe na likita. Amma bari in ajiye miki su gefe da gefe, don wanda bai san aikin da kowanne yake yi ba, mako na biyu yake jefar da maganin.

Ƙurji yana farawa ne daga toshewar ƙofar gashi. Maiƙon fata da matacciyar fata su cushe a ciki, sai wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ya yi ja, wani lokaci ya tara mugunya. Ke nan matsala biyu ce, akwai toshewa, akwai ƙwayar cuta da kumburinta.

Kilindamaisin antibayotik ne, na shafawa yakan zo da ƙarfin kashi 1 cikin 100, kamar Dalacin T. Aikinsa rage ƙwayar cutar da kwantar da kumburi. Jajayen kurajen nan masu zafi in an taɓa, su yake fi kamawa, kuma mai kemis bai yi ƙarya ba, yana da sanyi a fata. Sai dai ba ruwansa da toshewa. Ƙananan kurajen nan masu kama da tsabar gero a goshi, da masu baƙin kai a hanci, yana nan suna nan. Kamar feshin maganin sauro ne a gidan da kwatarsa ta toshe: yau a samu barci, amma muddin ba a yashe kwatar ba, wani sauron na tafe.

Babban abin da ya sa nake hana mutane shafa shi shi kaɗai shi ne ƙwayar cutar tana sabawa da shi. Wata biyu, wata uku, sai ki ga maganin da ya yi miki aiki da farko ya zama kamar ruwa. Ba a fuskarki kawai abin yake tsayawa ba, ƙwayoyin da suka bijire suna iya komawa fatar mutanen gida. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta fitar a 2021 ta ce kada a ba mai kuraje antibayotik na shafawa shi kaɗai, a haɗa shi da wani maganin, a yi mako 12 a sake dubawa, kuma kada a wuce wata 6 sai da larura.

Tiretinoyin kuwa ɗan gidan bitamin A ne, tsohon magani, tun 1971 aka amince da shi a Amurka da sunan Retin-A. Shi can gindin matsalar yake zuwa. Yana sa fata ta riƙa zubar da matattun ƙwayoyinta a kan kari, ƙofar gashi ta buɗe, wadda ba ta toshe ba kuma ya hana ta toshewa. Ƙwayar cuta ba ta sabawa da shi, don ba da ita yake faɗa ba. Ga mu masu baƙar fata yana da wani amfani da nake ganin ya kai maganin kurajen kansa: yana rage baƙin tabon da ƙurji ke bari. Da yawanmu ƙurjin na mako guda ne, tabon kuwa sai ya yi watanni.

Aibinsa shi ne abin da kike ciki yanzu. Makonni 2 zuwa 4 na farko fata takan bushe, ta yi raɗaɗi, gefen hanci da gefen baki su riƙa saɓa fari-fari, wasu ma kurajen da ke ɓoye su fito. Sakamakon kirki sai mako na 8 zuwa na 12. A kwana goma ba a yanke masa hukunci.

Haɗin da aka rubuta miki, irin su Treclin a Ingila da Ziana a Amurka, tiretinoyin ɗin cikinsa kashi 0.025 ne cikin 100, daga cikin mafi sauƙin ƙarfi da ake bayarwa. Dabarar ita ce kilindamaisin ya kwantar da jajayen kurajen da wuri yayin da ɗayan ke buɗe ƙofofin a hankali. In wata ukun sun cika kuma fuska ta lafa, galibi likita zai janye antibayotik ɗin ya bar ki da dangin tiretinoyin kaɗai don kada kurajen su dawo. Kin ga wanda mai kemis ke so ki riƙe shi ne wanda za a fara sallama.

Yanzu yadda za ki rage wahalar, don fata in ta ƙone da yawa, ita ma baƙi take bari. Da dare ake shafawa, bayan sallar isha'i, lokacin da kin gama da alwala. Ki wanke fuska da sabulu mai laushi, ki ajiye sabulun salo da soso tukuna. Ki bari ta bushe sarai, kamar minti ashirin, don a jiƙaƙƙiyar fata ya fi cizo. Ki matso kwatankwacin ƙwayar wake guda, ita ce ta fuska duka. Ki ɗiga a goshi, kumatu biyu da haɓa, ki baje, ki kauce wa ido da leɓe da lungun hanci. Ba a kan ƙurji kaɗai ake ɗorawa ba, ko'ina da kuraje ke fitowa ake shafawa. Tunda har kina saɓa, ki koma dare ɗaya ki tsallake ɗaya na mako biyu, ki bi shi da man shafawa marar turare. Da hunturu ki ƙara man, don iskar kaɗai ta isa ta busar da fuska. Da safe man kare rana mai lamba 30 ko sama, ko da kina sa hijabi.

In akwai biki a gaba, ki gaya wa mai gyaran jiki kada ta sa miki halawa ko dilka a fuska. Fatar da ke kan tiretinoyin tana iya biyo halawar ta bar ɗanyen ciwo. Haka man bilicin da man haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba ba suna: da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda shi kansa yana fesar da kuraje.

Abu guda ba ya jiran shawara. In kina da juna biyu, ko kina neman samu, ki dakatar da tiretinoyin da duk danginsa yau, ki koma wurin likita, akwai wasu magungunan da ake ba masu ciki. Mai shayarwa ma ta tambaya kafin ta fara. Shi kuma kilindamaisin, wanda ya taɓa ciwon kumburin hanji ba a ba shi, kuma in gudawa mai tsanani ta kama ki kina cikin shafawa, ki tsaya ki je asibiti.

Idan kin bi duk wannan fatar ta ƙi ɗauka, ki koma wa likitan ki tambaye shi adafalin mai kashi 0.1, wato Differin, ɗan uwan tiretinoyin ne da ya fi sauƙi a fata. Ko kuma kilindamaisin haɗe da benzoyil feroksaid, irin Duac, wanda ke rage sabawar ƙwayar cuta, sai dai yana koɗar da launin tawul da rigar matashi. In kuwa kurajenki manya ne masu tauri a ƙarƙashin fata, suna barin rami, na shafawa kaɗai ba zai isa ba, likitan fata ya kamata ya gan ki tun kafin wata ukun su cika.